Ana so a kai ƙanena wani gari wai shi Siyenitsa a ƙasar Sabiya, wa ya san wurin?

Ɗan Zango ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar Damagaram, na gida da na waje. Shawara nake nema.

Ƙanena tela ne, yana Santambul, yana aiki a wani shagon ɗinki a unguwar Bayrampasha. Maigidansa dattijo ne, Baturke a takarda, amma ya ce kakanninsa daga wani ƙaramin gari suka taso a ƙasar Sabiya, sunansa Siyenitsa, su kuma Sjenica suke rubutawa. Har yanzu yana da dangi can, masu tumaki da shanu, cuku suke yi suna sayarwa. Da ya ji cewa yaron nan cikin bisashe ya tashi, don mu kiwo da dillancin dabbobi muka gada, sai ya ce zai haɗa shi da ɗan baffansa ya je ya yi musu aiki daga watan Mayu zuwa Oktoba, wai sun rasa makiyaya.

Yaro ya ɗauki zancen da zafi. Inna kuwa tun da ta ji an ce Sabiya ta ce ba da yawunta ba, don abin da ta riƙe shi ne labaran kisan Musulmi da muka riƙa ji a rediyo lokacin yaƙin Bosniya. To su wane ne mutanen garin nan? Da gaske Musulmi ne? Da me suke ci? Ni kaina akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ina sarin cuku daga wajen Tanut ina sayarwa a kasuwar Dole, na san ribarsa, na san iyakarta. Ta yaya cuku zai riƙe gari guda har a nemi ma'aikaci daga wata ƙasa?

Tsohon Mushe ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Tarihi da labarin ƙasa na koyar har na ajiye alli, bari in ba ka nawa, masu gani da ido su ƙara.

Ka fara gaya wa Inna cewa garin na Musulmi ne mafi yawa. Yana kudu maso yammacin Sabiya, cikin yankin da ake kira Sanjak, wanda yau wani ɓangarensa ke Sabiya, wani ke Montenegro. Wajen kashi uku cikin huɗu na mutanen komin ɗin Boshnak ne, Musulmi masu harshe ɗaya da Sabiyawa, kusan ɗaya cikin biyar kuma Sabiyawa ne Kiristoci ƴan Otodoks. Ba baƙi ba ne, ƴan ƙasa ne da kakanninsu suka musulunta zamanin mulkin Turkawa, wasu ƙauyukan kan tudu kuma asalinsu Albaniyawa ne.

Siyenitsa zangon fatake ne tun fil azal. Sunanta ya fito a wata takardar sarkin Sabiya Urosh na Ɗaya ta shekarar 1253, a matsayin wurin da fataken Dubrovnik, birnin da ke bakin teku, suke sauke kaya su huta su biya kuɗin hanya. Turkawa sun karɓi yankin a ƙarni na 15, suka riƙe shi sama da shekara 400, hanyar kuma ta zama ta ayarin da ke tsakanin Bosniya da Santambul. A 1809 Karajorje, jagoran tawayen Sabiyawa na farko, ya kawo wa garin yaƙi, amma Turkawa suka sake riƙe shi. Wajen 1870 aka gina babban masallacin da ke tsakiyar gari, mai ƙubba, da sunan Pertevniyal, mahaifiyar Sarkin Musulmin Turkawa Abdul'aziz, har yau ana salla a cikinsa. A lokacin Sarki Tanimun ne ke kan gadon Damagaram.

Bayan taron Balin na 1878, Ostiriya ta mamaye Bosniya, Sabiya da Montenegro suka samu ƴancin kai, sai Sanjak ya zama wani siririn zirin ƙasar Turkawa a tsakaninsu. A ƙarshen wannan zamani Siyenitsa ce mazaunin mai mulkin lardin, da sojoji da alƙalai da ma'aikata. A 1912 sojojin Sabiya suka shigo, a 1913 aka raba Sanjak biyu. Daga nan hijira ta fara zuwa Turkiyya, kashi-kashi: bayan 1912, tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sannan a shekarun 1950 da 1960. Cikin waɗannan ne kakannin maigidan ƙanenka suka tafi, don haka zancensa yana kan hanya. Bayrampasha cike take da jikokin mutanen Sanjak.

Abin da ya sa labarin garin nan yake taɓa ni shi ne, hanya da kujerar mulki suka raya shi, kuma duka biyun suka bar shi. Layin dogo na Belgrad, babban birnin Sabiya, zuwa teku da aka buɗe a 1976 ta Priyepolye ya bi, bai zo Siyenitsa ba. Mu nan ba sai an yi mana bayani ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Turabulus ya mutu, a 1926 Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai. Abin da ya rage a hannun mutane, can da nan, shi ne dabba da sana'ar hannu.

Maganar tsoron Inna kuwa, kada ka raina ta. Yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995 ba a gwabza shi cikin Siyenitsa ba, amma iyaka tana kusa. A 1992 an sauke Musulmi daga bas kusa da garin Priboj, a 1993 an sauke wasu daga jirgin ƙasa, aka kashe su. Tsoro ya kori iyalai da yawa daga yankin a shekarun nan. Yau dai babu yaƙi can, Musulmi da Kirista kasuwa ɗaya suke ci.

Ɗalibi a Belgrad ya rubuta:

Mushe, Allah ya ƙara lafiya, ka rage mini aiki. Yaya, ni ɗan Sabon Gari ne, ina karatun likitan dabbobi a Belgrad, kuma an kai mu sitaj yankin nan, na kwana a gidajen makiyayansu.

Kafin cuku, kafin komai, ka gaya wa ƙanenka maganar sanyi. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,000 daga teku, a bakin wani faffaɗan fili da ake kira Peshter: ciyawa iya ganinka, fararen duwatsu, itatuwa jefi-jefi, iska ba ta tsayawa. Ƴan ƙasar da kansu Saberiyar Sabiya suke ce masa, suna kwatanta shi da Saberiya, yankin Rasha mai tsananin sanyi. A watan Janairu na 1954 an auna digiri 38 ƙasa da sifiri a Siyenitsa, a Janairun 1985 kuma wani ƙauye na kan tudun, Karayukica Bunari, ya kai 39.5 ƙasa da sifiri, sanyin da ba a taɓa auna irinsa ba a duk ƙasar. Ni a watan Yuli na je, tsakiyar zafinsu, amma da asuba sai da aka hura murhu kafin in iya riƙe kofin shayi. Da hunturu dusar ƙanƙara takan toshe hanyoyin ƙauyuka, dabba ta yi kusan rabin shekara a ɗaki.

Wannan shi ya sa duk rayuwarsu a kan ingirici take. Hatsi ba ya yi sosai a can, sai sha'ir da dankalin turawa da wani tsaba da suke kira helda. Ciyawa ce amfanin gonarsu. A Yuli da Agusta kowa yana fili, har ƴaƴansu da ke Jamus da Ostiriya sukan daidaita hutunsu da lokacin yanka. Ana yanke ta tana ɗanya shar, kafin ta tsufa, a baza ta ta sha rana, a juya, sannan ko a ɗaure da inji ko a tara ta a jikin dogon sanda da aka kafa, a yi mata tsini don ruwa ya zurare. Maigidan da na sauka wajensa da na tambaye shi tumaki nawa gare shi, sai ya nuna mini tarin ciyawarsa ya ce iya abin da wannan za ta ciyar har watan Mayu, sauran kuma a sayar kafin sanyi.

Tumakinsu masu ulu ne, manya, farare, da baƙi-baƙi kewaye da ido da kunne da baki, wutsiya doguwa. Sunan garin suke ɗauke da shi, kuma ana neman irinsu har wasu ƙasashen maƙwabta. Shanu ma suna da yawa, yanzu ma madarar shanu ta fi yawa a kasuwa don ta fi sauƙin samu.

Cukun kuwa aikin mata ne, na tsaya na kalli uwargidan tana yi. Da an gama tatsa, madara na da ɗuminta, za ta tace da farin ƙyalle, ba ta dafa ba, ba ta cire mai ba, ta zuba ruwan daskarwa ta rufe tukunyar da bargo. In ta kama, sai ta kwashe cikin jakar ƙyalle ta rataye ruwa ya tsane, ta shimfiɗa a kan tebur, ta ɗora katako, ta danne da dutse. Bayan wasu awoyi sai ta yanka shi gunduwa-gunduwa masu kauri, ta barbaɗa gishiri, ta jera cikin wani bokitin katako, jeri bisa jeri, kullum ana ƙarawa har ya cika. Sai murfin katako, sai dutse a kai. Ruwan da ya fito daga jikinsa shi ne zai rufe shi, a cikinsa zai nuna, aƙalla wata biyu, a ɗaki mai sanyi. Lokaci-lokaci takan buɗe ta kwashe abin da ya taso, ta wanke dutsen da murfin. Fari ne, mai laushi, mai gishiri da ɗan tsami. Da na ɗanɗana na wata uku sai da na nemi ƙari.

Ga amsar tambayarka ta riba. Cukun nan ba ya lalacewa da wuri, don haka mai shi ba ya sayarwa a matse, yana iya jira har farashi ya yi. Sannan sunansa yana da rajista a hukumance: ba kowa ke da ikon rubuta cukun Siyenitsa a kan kayansa ba, sai wanda ya yi shi a yankin, da madarar yankin, ta hanyar da aka sani. A kasuwannin Belgrad da sunan ake tambayarsa, kuma ya fi saura tsada. Haka ragonsu, haka sujuk, wato niƙaƙƙen naman sa da tafarnuwa da ake ɗurawa a hanji a busar da hayaƙi. Akwai ma wanda suke kira stelya, tunkiya guda a zare ƙasusuwanta, a sa gishiri, a shanya a hayaƙi. In ƴan ci-rani za su koma Turai a ƙarshen Agusta, bayan motocinsu cike yake da bokitan nan.

Amma kada in yi maka ƙarya, cuku kaɗai bai riƙe garin ba. Zamanin Yugoslabiya, tsohuwar tarayyar da Sabiya take ciki, gwamnati tana da babbar gonar kiwo da masaƙa da suka ɗauki mutane da yawa, suka durƙushe bayan 1990 da takunkumi da sayar da kamfanonin gwamnati. Abin da ya rage shi ne mahaƙar gawayin ƙasa ta Shtaval, da ƙananan wuraren ɗinki, da masu sarrafa madara da nama, da aikin gwamnati. Sauran kuɗin daga waje yake zuwa. Za ka ga manyan gidaje masu bene a ƙauye, tagogi a rufe, masu su suna Jamus sai wata ɗaya a shekara. A shekarun 1970 mutanen komin ɗin sun haura 35,000. Ƙidayar 2011 ta samu 26,392, ta 2022 kuma wajen 24,000. Samari ba sa son tashi ƙarfe huɗu su tatsi tumaki, shi ya sa ake neman irin ƙanenka.

Wani abu da ya fara kawo musu kuɗi shi ne baƙi masu yawon buɗe ido. Kusa da garin akwai kogin Uvats da ke lanƙwasa cikin kwazazzabo mai zurfi, kuma a jikin duwatsun wata irin babbar ungulu ce ke sheƙa, fikafikanta kusan mita 3 in ta buɗe. Ta kusa ƙarewa wajen 1990, sai aka keɓe wurin, aka ware fili inda ake kai mata mushe da ragowar mahauta. Yanzu ɗaruruwa ne, mutane na biyan kuɗin kwale-kwale su je kallo, matan ƙauye na sayar musu da abinci. Na tsaya a bakin dutsen ina kallonsu, na tuna rabon da in ga ungulu a mahautar garinmu tun ina ƙaramin yaro, abin ya dame ni ƙwarai.

Zaman mutane kuwa, za a kalle shi, wannan babu makawa, baƙar fata ba ta da yawa a can. Yara sun bi ni suna son hoto. Amma ranar Juma'a a masallacin da Mushe ya ambata, ana sallamewa wani tsoho ya kama hannuna bai saki ba sai a gidansa. Aka kawo gahawa da wata gurasa mai falle-falle da cuku a ciki, ya kira jikansa mai jin Turanci ya riƙa tambayata yadda muke azumi cikin zafi. A gidajen Musulmi babu naman alade, yankansu halal ne. Harshen ne zai ba shi wuya, don Turkancin da ya koya ba kowa ke ji ba, sai tsofaffi da masu dangi a Santambul.

Hajiya ƴar Birni ta rubuta:

Ni ban ga abin zumuɗi a nan ba tukuna. Ɗana ɗalibi ya faɗi gaskiya da bakinsa: ƴaƴan garin gudu suke yi. Aikin da ɗan gida ya ƙi, baƙo za a ba, kuma baƙon da ba ya jin harshe, a ƙauyen da mota ba ta zuwa kullum. Na yi shekaru ina aikin tarbar ƴaƴanmu da ake korowa daga Aljeriya da Libiya, kusan kowanne da "wani mutumin kirki ya ce zai taimake ni" labarinsa ya fara. Ban ce dattijon nan mugu ne ba, Allah ya sani, mai yiwuwa alheri yake nufi. Amma ba shi zai biya albashin ba, ɗan baffansa ne, wanda ba wanda ya taɓa gani cikinku.

Ƙanena, ka rubuta waɗannan ka aika masa. Takardar zaman Turkiyya ba ta aiki a Sabiya, ɗan Nijar sai da biza. Mai ɗaukarsa aiki shi zai nema masa izinin zama da aiki da sunansa, kuma a ga takardar kafin ya bar Santambul, ba a ce in ya zo a gyara ba. Albashi a rubuce, nawa ne, dinar ne ko yuro, ranar biya, wa ke da abinci da wurin kwana, wa zai biya likita in ya ji ciwo, wa ke da kuɗin komawa. Fasfo ɗinsa a aljihunsa, kada ya ba kowa ajiya. In ya sauka a kai sunansa wajen ƴan sanda cikin awa 24, dokarsu ce. Ya kuma bincika ko fitarsa wata shida ba za ta kashe masa takardar Turkiyya ba, kada a yi biyu babu.

Babban tsorona ma ba garin ba ne. Sabiya ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana bakin ƙofarta, kuma duk yaron da ya taka can sai ya samu mai raɗa masa cewa Jamus saura ƙiris. Hangari ta ja waya a iyakarta tun 2015, ana kama mutane ana dukansu ana maido su, wasu sanyi ya kashe su a daji. Ka sa ya yi wa Inna alkawari a kan wannan.

Sannan ina tambaya, yaro da sana'arsa a hannu, me zai sa ya ajiye keke ya koma bin tumaki? Novi Pazar, babban garin yankin, da ɗinkin wandon jins aka san shi. In tafiyar ta zama dole, ai gara a nema masa ta wannan ɓangaren.

Ɗan Zango ya rubuta:

Mushe, Hajiya, ƙanena ɗalibi, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na karanta wa Inna duka bayan sallar isha'i. Maganar masallaci ta sanyaya mata rai, maganar Hajiya kuma ta ce ita ce tata, ba inda za shi sai ta ga hoton takarda. Na aika masa sharuɗɗan. Ya ce ɗinkin ne ya ishe shi, awa goma sha biyu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba ya ganin rana, yana marmarin fili da dabba. Wannan kam na fahimce shi.

Ɗalibi, tambaya ta ƙarshe gare ka. Irin cukun nan na bokiti, za mu iya yinsa a nan? Da damina madara har zubar da ita ake yi a rugage wajen Damargu don babu mai saye.

Ɗalibi a Belgrad ya rubuta:

Yaya, na daɗe ina juya wannan tambayar. Yadda suke yinsa sak, da ɗanyar madara, ba zai yiwu mana ba sai da ɗakin sanyi. Cukun yana son wata biyu a wurin da zafinsa bai wuce digiri goma sha kaɗan ba, su kuma ƙasarsu ta ba su wannan kyauta. A zafinmu zai kumbura ya yi wari cikin kwanaki, ga haɗarin cutar da ɗanyar madara ke ɗauka daga dabba zuwa mutum, irin su bakkale da tarin fuka. Matan da ke shanya namu a kan tabarma ya bushe ƙayau sun san abin da suke yi, shi ne dabarar da ta dace da ƙasarmu. In za a gwada na ruwan gishiri, sai ƙungiya mai firiji na hasken rana, a dafa madarar tukuna, a ƙara gishiri, a fara da kaɗan a ga ko bakin mutanenmu zai karɓa.

Abin da na fi so mu ɗauko shi ne yankan ciyawa. Mu sai ta bushe a tsaye ta zama kara, amfaninta ya tafi, sannan mu bi ta da manjagara, a watan Afrilu kuma mu sayi buhun dusa da tsadar da ka sani. In aka yanka a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, tana fara fure, aka busar a inuwa aka ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, saniya za ta ci gaba da ba da madara cikin rani. Na biyu shi ne suna. Kilishin Nijar da albasar Galmi sun riga sun samu rajista a hukumar OAPI, mai kare sunayen kayayyaki da mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da dama, hanyar a buɗe take, sai dai rajista ba ta aiki in masu yi ba su haɗa kai sun tsaya a kan tsabta da awo ɗaya ba. Ku masu sari kuna da ta cewa a nan, don ku kuka san wace ruga ke yin mai kyau.

In takardun ƙanenka sun fito, ka ce ya sayi takalmin roba mai tsawo da rigar ruwa da rigar sanyi mai kauri tun daga Santambul, sun fi araha can. Bas daga Belgrad awa huɗu zuwa biyar ne, in ya sauka ya neme ni ta nan in raka shi tasha. Kuma ya tsaya a kan cewa ƙarshen Oktoba zai sauko, don a kan tudun nan dusar ƙanƙara takan fara tun kafin Nuwamba.